Amarya, Kada Ki Kashe Kayan Azurfarki Da Toka

Mu nan Malisa ta ƙasar Gwandu, in aka yi wa amarya jere, bayan kumbo da tasa sai ka ga tire da butar shayi da cokula masu ruwan azurfa suna ƙyalli cikin kabad. Damina ɗaya ta wuce, sun yi baƙi ƙirin. Ranar suna uwa ta zo ta ce, "Ke ɗiyata, mi kinka yi ma kayan ga?" Dangin miji kuwa sun samu abin faɗi, wai amarya ƙazama ce.

To wallahi ba dauɗa ba ce. Sinadarin farar wuta da ke cikin iska da hayaƙi ne ke kama azurfa, ga laima tana ƙara masa gudu. Ƙwai da albasa da roba su ma suna jawo shi.

Juya tirenki ki duba gindinsa. In kin ga an buga EPNS, to ba zallar azurfa ba ce irin ta mundayen kakanninmu. Wani ƙarfe ne aka yi wa ruwan azurfa da lantarki, dabarar da kamfanin Elkington ya yi wa rajista a Ingila a 1840. Ruwan nan bai kai kaurin takarda ba. Kika sa toka ko yashi ko soson ƙarfe, yau zai yi haske, amma azurfar kike kankarewa. In ƙarfen ciki ya leƙo, babu wankin da zai dawo da ita.

Ga yadda nake yi. Ki samu tsohuwar tukunyar alminiyam, ki zuba tafasasshen ruwa lita 1, da babban cokali 1 na sodar burodi, da 1 na gishiri. In babu soda, jiƙaƙƙiyar kanwa da aka tace tana yi. Tsunduma kayan, amma lallai su taɓa jikin tukunyar, don alminiyam ɗin ne ke janye baƙin. Za ki ji ɗan wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kada ki damu. Bayan minti 5 ki cire, ki ɗauraye, ki goge da tattausan ƙyalle su bushe sarai.

Banda masu mariƙin katako ko wanda aka liƙa da gam, ruwan zafi zai ɓamɓare shi. Sannan ki naɗe su a ƙyallen auduga da ɗan guntun alli, ki ajiye nesa da murhu.