IDAN AN GAMA KWAS, ME ƊALIBI ZAI IYA YI?

Duk wanda ya zauna a makarantar allo cikinmu, ko a zangon Kumasi, ko a Nima, ko a Tamale, ya san ƙa'ida guda wadda ba ta canjawa: yaro ba ya wanke allonsa sai ya durƙusa gaban malam ya biya karatunsa. Malam ba ya tambayarsa ko ya gane, cewa yake yi, "Biya in ji." In ya biya daidai ya wanke a ƙara masa, in ya yi tuntuɓe ya koma ya zauna. Haka kuma tela ba ya yaye yaron shagonsa sai ya ba shi yadi ya yanka riga ya ɗinka a gabansa.

To, jama'a, wannan ƙa'ida ita ce ake nema daga malaman kwalejojinmu na Ghana a yau, wato kafin a fara kowane kwas a rubuta a fili abin da ɗalibi zai iya yi idan an gama, ta yadda za a gani kuma a auna. Mun ga ya kamata mu yi bayaninsa a wannan fili, domin 'ya'yanmu da ƙannenmu na zango suna shiga waɗannan kwalejoji, iyaye kuma suna zuba kuɗin da suka samu da gumi.

A shekarar 2018 gwamnati ta mai da karatun kwalejojin horon malamai 46 na ƙasar nan ya zama na digiri mai shekara huɗu, daga baya kuma aka haɗa kowace kwaleji da ɗaya daga cikin jami'o'i biyar, wato ta Cape Coast, ta Winneba, ta Legon, ta Kumasi da ta Tamale. A shekarar 2018 ɗin ce kuma aka fara jarrabawar lasisin koyarwa. Littattafan jagora da aka rubuta wa sababbin kwasa-kwasan suna farawa ne da jerin sakamakon da ake so ɗalibi ya samu, tare da alamomin da za su nuna ya samu. Ke nan ɗalibin Bagabaga a Tamale, da na Nusrat Jahan a Wa, da na Al-Faruq a Wenchi, kowannensu yana da alkawarin da aka yi masa a rubuce.

Mu da muka bi ta kwaleji kafin wannan sauyi, abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun tuna lokacin gwajin koyarwa, da muka rubuta a takardar tsara darasi cewa a ƙarshen darasi yara za su "san" ragewa. Malamin da ya zo duba mu ya zagaye kalmar da jan biro, ya rubuta tambaya a gefe, ta yaya za mu ga sanin? A ranar mun ji haushi, amma shekaru a cikin aji sun nuna mana gaskiyarsa. Sani da fahimta a cikin kai suke, ido ba ya ganinsu. Abin da ake gani shi ne aiki.

Masana sun daɗe a kan wannan magana. A 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa a Amurka suka jera matakan tunani hawa shida. A 2001 Lorin Anderson da David Krathwohl suka gyara jerin, ya zama tunawa, fahimta, aiki da abin da aka koya, ƙwanƙwancewa, yanke hukunci, sannan ƙirƙira. Shi kuwa Robert Mager, a littafin da ya fitar a 1962, ya nuna cewa manufa mai kyau tana da sassa uku: aikin da ɗalibi zai yi, yanayin da zai yi shi a ciki, da ma'aunin da za a ce ya yi daidai.

Bari mu kawo misali. A ce malamin kwaleji ya rubuta: "Ɗalibi zai fahimci yadda ake koyar da lissafi a firamare." Maganar tana da daɗin ji, amma malamai biyu ba za su yarda a kan wanda ya ci da wanda ya faɗi ba. To a ce ya rubuta haka: "A ƙarshen kwas, idan aka ba ɗalibi littafin lissafi na aji 3 da murafun kwalba, zai tsara darasin minti 30 a kan ragewa mai aro, ya koyar da shi a gaban 'yan ajinsu, ya cika aƙalla huɗu daga cikin sharuɗɗa biyar na takardar dubawa." A nan aikin shi ne tsarawa da koyarwa, yanayin shi ne littafi da murafu, ma'aunin kuwa huɗu cikin biyar. Ɗalibi ya san abin da ke jiransa tun daga makon farko, mai dubawa kuma ba shi da kafar son kai.

Sirrin yana cikin aikatau ɗin da aka zaɓa. A guji "sani", "fahimta" da "lura da muhimmanci". A ɗauki irin su lissafa, bayyana da bakinsa, kwatanta, warware, tsara, gyara. Kada a cusa aiki uku cikin jimla ɗaya, domin in ɗalibi ya iya biyu ya kasa ɗaya, ba a san makin da za a ba shi ba. Kada kuma a tara manufofi ashirin a kwas guda. A ganinmu huɗu zuwa shida sun isa, muddin su ne ƙashin bayan kwas ɗin. Daɗin daɗawa, a tuna cewa kwaleji ba firamare ba ce. In duk manufofin sun tsaya a "lissafa" da "ambata", to an tsaya a hawa na farko, alhali kuwa wanda zai riƙe aji gobe yana bukatar ya dubi kuskuren yaro ya gano daga ina ya taso.

Akwai wani wuri da aka fi yin tuntuɓe. Sai a rubuta cewa ɗalibi zai tsara darasi ya koyar, amma duk tsawon kwas lacca ake yi masa yana kwafa, ranar jarrabawa kuma a ce ya kawo ma'anar kalma biyar. John Biggs ya ja hankali a kan wannan a 1996, inda ya nuna dole manufa da koyarwa da jarrabawa su fuskanci wuri ɗaya. Ɗalibi ba wawa ba ne, abin da za a tambaye shi yake karantawa. In hadda ake tambaya, hadda zai yi, ya fito da takarda mai kyau, ya tsaya gaban yara hamsin ya rasa ta inda zai fara. Mun sha ganin haka a makarantunmu, kuma yaran ne ke biyan bashin.

Ba mu ce komai ake aunawa ba. Haƙuri da riƙon amana da tausayin yaro ba su shiga mudu, kuma malamin da ba shi da su bai cika malami ba. Amma ko a nan akwai alamun da ido ke gani: zuwa a kan lokaci, duba littattafan yara, kiran 'yan mata su amsa tambaya kamar yadda ake kiran maza. Haɗarin da muke tsoro shi ne abin ya zama cika takarda kawai, a kwafo kalmomi daga wani jeri don masu bincike su gani, a jefa a durowa har shekara ta zagayo.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu, ranar farko ku nemi takardar kwas ku karanta sakamakon da aka rubuta. A tsakiyar kwas ku tambayi kanku wanne kuka iya yi da hannunku, wanda ba ku iya ba kuma ku je wurin malami cikin ladabi, matambayi ba ya ɓata. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo hutu kada ku tsaya a "Yaya karatu?" Ku ce ya zaunar da ƙaninsa ya koya masa ragewa kuna kallo. Ba sai kun yi boko za ku gane ko ƙanin ya iya ba. 'Yan uwanmu malamai kuwa, kafin mu rubuta manufa mu yi wa kanmu tambayar nan ta jan biro, ta yaya za mu gani?

Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin.