Kashi uku sama, kashi uku ƙasa

Da zarar zaɓe ya ƙarato, sai ka ji kafafen yaɗa labarai na shelar cewa wane ya sha gaban wane a ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, wai yana da kashi 48, abokin karawarsa 46. Abin da ba kasafai mai karanta labarai ke faɗa ba shi ne 'yar ƙaramar lambar da ke ƙasan rahoton, wato tazarar kuskure.

Idan an tambayi mutum 1,000 da aka zaƙulo ta hanyar ƙuri'a, tazarar takan kai kashi uku sama ko ƙasa, kuma ko wannan tabbacin kashi 95 cikin ɗari ne kawai. Ke nan mai 48 yana iya zama 45, mai 46 kuma ya kai 49. Kankankan ake, babu wanda ke gaba. Mai son rage tazarar da rabi kuwa sai ya tambayi mutum 4,000.

Amma babbar matsalar ba a lissafin take ba. Tazarar ba ta auna su wa aka tambaya. Mai sayen gero a kasuwar Dawanau ya san cewa in ya ɗebi samfur daga bakin buhu kaɗai, ba zai ga tsakuwar da ke gindi ba. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshin mutum sama da miliyan biyu, ta ce Alf Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Galibi daga jerin masu tarho da masu mota ta samo sunayen, a lokacin da talaka bai da ko ɗaya. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48.

Mu ma mun ga irin haka a zaɓen shugaban ƙasar Najeriya na 2023. Binciken da NOI Polls ya yi wa gidauniyar ANAP ya nuna Peter Obi a gaba, aka yi ta yamaɗiɗi da shi, alhali fiye da rabin waɗanda aka tuntuɓa ko dai ba su tsai da shawara ba, ko sun ƙi faɗin zaɓinsu. Hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana Bola Tinubu a matsayin wanda ya yi nasara, Obi ya zo na uku.

Don haka, mai karatu, in an kawo maka irin wannan sakamako, tambayi mutum nawa aka tuntuɓa, ta waya ko gida-gida, da kuma wanda ya biya kuɗin aikin. 'Yan jarida kuma su daina kiran ratar kashi biyu "rinjaye".