Wa Ke Riƙe da Gari Idan 'Yan Ci-rani Sun Tafi?

Da zarar an ɗaure gero an kai rumbu, an kaɗe riɗi, an ɓare zoɓo, sai ƙauyukan ƙasar Gagarawa su fara zubewa. Motocin Kano su cika da samari da magidanta, kowa da 'yar jakarsa: wannan zai je ga-ruwa ko tura baro, wancan aikin gini a Abuja, wani kuwa sai Legas ko Fatakwal. Daga Disamba har ruwan shuka ya sauka, in ka shiga gari da hantsi, tsofaffi za ka tarar a inuwar masallaci, sai mata a cikin gida, sai yara. Haka abin yake a Sule Tankarkar da Maigatari da ƙauyukan Gumel, wato, in an haɗa da Gagarawa, ƙananan hukumomi huɗun da ke ƙarƙashin masarautar Gumel. Kusan rabin shekara gari yana hannun dattawa, amma ba kasafai ake zama a tambaya da me aka bar su su riƙe shi ba.

A Amurka akwai garuruwan da aka gina musamman domin waɗanda suka yi ritaya. Wanda ya fi suna shi ne Sun City, kusa da birnin Finiks a jihar Arizona, wanda kamfanin Del Webb ya buɗe ranar 1 ga Janairu, 1960. Wata dokar ƙasar ta 1995 ta halatta irin waɗannan unguwanni, bisa sharaɗin kashi 80 cikin 100 na gidajen da ake zaune a ciki su kasance da mutum aƙalla ɗaya mai shekara 55 ko fiye. Masu gidajen suna da ƙungiya. Su suke zaɓen shugabanninta, su biya kuɗin wata ko na shekara, ƙungiya kuma ta kula da filin wasa da ɗakin taro da tsaftar unguwa. Dokokinsu har da launin fentin da za ka shafa wa gidanka, har da adadin kwanakin da jikanka zai yi in ya kawo maka ziyara.

Wannan na ƙarshe kam ba namu ba ne. Tsohon da aka ƙayyade masa kwanakin jika, a wurinmu an ɗaure shi ne ko da gidan na zinariya ne. Ba kuma na kira da a ware tsofaffinmu a gina musu unguwa. Sai dai akwai abu guda da suka gane wanda ya shafe mu. Su ma garinsu cika yake yana zubewa. Da yawa daga mazaunan suna zuwa ne lokacin sanyi, in zafin Arizona ya haura digiri 40 su koma jihohin arewa ko Kanada. Saboda haka manyan taruka da harkokin jama'a an fi yinsu lokacin da gari ke cike, ana kuma ware wani asusu daban wanda ba a taɓa shi sai babban gyara ya taso. A can tsofaffi ne ke tafiya, a nan matasa ne, amma matsalar ɗaya ce: lalura takan zo ne lokacin da masu kuɗi da masu ƙarfi ba sa nan.

Duba yadda shekara ke juyawa a kan tsoho a ƙasarmu. Da ɗari, tari ne da ciwon gaɓoɓi, ga kaskon wuta a ɗakin kara, wanda kan jawo gobara cikin dare. Lokacin ne kuma dabbobi ke shiga gonaki kiwon kara, in wani bai gama kwashe wakensa ba rigima ta tashi, kuma dattawan nan ne za su zauna da ardo su kashe wutar. Da bazara, ruwa ne babban tashin hankali, ga zafi, ga fargabar sanƙarau. Damina kuwa ta tarar da ɗakin da ba a yi wa yaɓe ba, marka ta zo a Agusta rumbu ya yi ƙasa.

Ɗauki maganar ruwa kaɗai. Ƙasar nan rairayi ce, rijiya da zurfi, shi ya sa garuruwa da yawa suka dogara da tuƙa-tuƙa ko famfo mai aiki da hasken rana. Sai a wayi gari cikin Afrilu injin ya ƙone. Jarkoki su yi layi babu ɗigo. Tsohuwa ta aiki jikanta mai shekara tara da jaki zuwa garin gaba, ranar babu makaranta ke nan. Mai unguwa ya ari waya ya fara kiran 'yan ci-rani ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ai bara ma mun turo," in ji na Legas. "Ina aka kai wancan?"

"Wallahi yaro, an yi gyara da shi. Sai dai ban riƙe ko nawa ba ne."

Mai unguwa bai ci ko kwabo ba. Amma babu takarda, babu wanda ya rubuta, don haka zargi ya samu wurin zama. Na Legas ya turo rabin abin da ya yi niyya, na Abuja ya ce sai ya dawo. Famfo ya yi makonni a mace. A ganina ba rashin tausayi ke kashe irin wannan aikin ba, rashin lissafi ne da kuma neman kuɗi a lokacin da bai dace ba. Wanda ke kwana a tasha yana tara kuɗin taki, Afrilu ba watan da za a tambaye shi gudunmawa ba ne.

Lokacin tambaya shi ne kaka. Kowa yana gida, hatsi na ƙasa, mai riɗi ya sayar, mai rago ya kai Maigatari ranar Alhamis ya dawo da kuɗi a aljihu. Kafin motoci su fara ɗiba, a yi zama guda a ƙofar dagaci ko bayan sallar Juma'a. A yanka abin da kowane gida zai bayar, ko kuɗi ko tiya, a kasa shi biyu: na hidimar yau da kullum, da na ajiya wanda ba a buɗewa sai famfo ya lalace ko an kwashi marar lafiya zuwa asibitin Gumel cikin dare. A kuma faɗi sunan gidajen da tsoho ko tsohuwa za su zauna ba namiji mai ƙarfi, a san wa zai riƙa leƙa su. Ba baƙon abu ba ne. Gayya ce, sai dai an yi mata rana an kuma rubuta ta.

Wa zai riƙe littafin? A nan ne muke barin dukiya tana lalacewa. Ma'aikacin gwamnati yakan yi ritaya ne in ya kai shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki. Tun da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991, ma'aikata da yawa sun gama aiki sun dawo gida: tsohon hedimasta, tsohon malamin asibiti, tsohon malamin gona, tsohon akawun ƙaramar hukuma. Mutum ne da ya shekara talatin yana rubuta rajista, ya san ƙofar da ake bugawa a sakatariya, ya iya tsara takardar koke. Yau yana zaune a kan tabarma yana jiran fansho ya shigo, ba a tuna shi sai ranar ɗaurin aure. Shi ma zaman yana cinsa. Ba shi ajiyar littafi, wani daban ya riƙe kuɗi, liman ko mai unguwa ya zama na uku wurin sa hannu. Kada a haɗa wa mutum ɗaya littafi da jaka, komai amanarsa, don kare mutuncinsa ne.

Sai mata. Su ne ke ɗibar ruwan, su ke jinyar tsofaffin, su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba jiya. Kwamitin da babu dattijuwa ko ɗaya a cikinsa, ko aƙalla hanyar jin ta bakinsu, zai riƙa jin labari ne bayan abu ya ɓaci. Su da suka shekara suna riƙe adashi ba a rasa ko sisi ba, ba za a koya musu tara kuɗi ba.

Wani zai ce ai wannan aikin hukuma ne, ga kansila ga ciyaman. Gaskiya ne, kuma ba a ce a daina bin su ba. Amma takardar da ta fito daga ƙungiya mai suna da littafi da sa hannun dagaci ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi a kowane ofis. Sarauta kuma ba ta ragu da komai ba: mai unguwa na nan, dagaci na nan, hakimi na nan, an dai sauke musu kayan da ba nasu ba ne su kaɗai.

Kai da ke shirin ɗaukar jaka bana, kafin ka shiga mota ka tambayi mai unguwarku ranar da za a zauna. In ya ce ba a sa rana ba, ku sa ta tare.