Ɗumin Ƙarƙashin Ƙasa: Yadda Ake Ɗumama Manyan Gine-gine da Kuma Sanyaya Su

Duk wanda ya taɓa sammakon ɗiban ruwa a rijiya lokacin hunturu a ƙauyukan Tsanyawa ya san wani abu da ba ya buƙatar dogon bayani. Iska tana kaɗawa, hannu ya ƙandare, amma da guga ya iso bakin rijiya sai a ji ruwan da ɗumi. In kuma bazara ta kama, rijiyar nan dai ita ce ke bayar da ruwa mai sanyi. Mutane kan ce ruwan rijiya yana saɓa wa lokaci. Gaskiyar magana ita ce ruwan bai sauya ba, mu ne da iskar da ke kewaye da mu muka sauya.

Dalili shi ne ƙasa tana da nawa wajen karɓar zafi da kuma sakinsa. Zafin rana ɗaya ba ya ratsa ta fiye da zurfin da bai kai mita ɗaya ba. Bambancin da ke tsakanin bazara da hunturu yana ɗan zarce haka, amma in an kai kimanin mita 10 sai shi ma ya ɓace kusan gaba ɗaya. Daga nan zafin ƙasa yakan tsaya kusa da matsakaicin zafin wurin na shekara. A yankin Kano iska takan haura digiri 38 na ma'aunin santigiret da tsakar rana a watan Afrilu, ta kuma sauko wajen digiri 13 da asuba a Janairu, alhali matsakaicin na shekara yana wajen digiri 26. A Ingila kuwa, ƙasa a irin wannan zurfi tana tsakanin digiri 10 zuwa 12, ko da ƙanƙara ta rufe doronta.

A kan wannan hali na ƙasa ne masana suka gina wata na'ura da za mu kira famfon zafi. Mai karatu ya riga ya san ƙanwarta, wato firji. In ka taɓa bayan firji za ka ji shi da zafi, kuma a cikin zafin nan akwai wanda aka zaro daga ruwa da abincin da ke ciki. A cikin bututun firji akwai wani sinadari mai saurin zama tururi. Yayin da yake zama tururi sai ya tsotse zafin abin da ke kusa da shi. Daga nan kwamfiresa ta matse tururin, matsin ya sa zafinsa ya hau sosai, ya saki zafin a waje, ya koma ruwa-ruwa, zagaye ya sake farawa. Ke nan na'urar ba ta ƙirƙirar sanyi, ɗaukar zafi take yi daga wani wuri ta kai wani, kamar yadda famfo ke ɗaga ruwa daga ƙasa zuwa tanki. Masanin nan na Birtaniya, William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya bayyana tun a 1852 cewa ana iya ɗumama ɗaki ta wannan hanya.

To, a ƙasashen sanyi sai a haƙa ramuka irin na rijiyar burtsatse, galibi masu zurfin mita 50 zuwa 200, a zura bututun roba mai ƙwari da aka lanƙwasa ya sauka ya dawo, a cike ramin. Ruwa yana zagayawa a cikin bututun ba tare da ya haɗu da ruwan ƙasa ba. Yana sauka da sanyi, ya hauro da ɗan ɗumin ƙasa, famfon zafi ya karɓi ɗumin ya ɗaga shi zuwa digiri 35 ko 45, a rarraba cikin gini. Ribar tana nan: da awo ɗaya na wutar lantarki ana shigar da awo uku zuwa huɗu na zafi cikin gini, domin lantarkin aikin dako kawai yake yi. Hita ta yau da kullum kuwa, awo ɗaya ta ci, awo ɗaya za ta bayar.

Abin ba sabo ba ne. A 1948 aka kammala wani dogon benen ofisoshi a birnin Portland na Amurka, wanda ake ɗumamawa ake kuma sanyayawa da ruwan rijiyoyi. Jami'ar Ball State da ke jihar Indiyana ta fara wani gagarumin aiki a 2009, inda ta haƙa ramuka kusan 3,600 domin gine-gine 47, har ta kashe tukwanen kwal ɗinta a 2014. A Suwidin, gidaje dubbai ɗaruruwa ne ke jan ɗumi daga dutsen da ke ƙarƙashinsu. Abin da ya sa ake yawan maganar sababbin makarantu da asibitoci da kantuna shi ne, haƙan ya fi sauƙi da araha kafin a zuba harsashi, kuma babban gini da ake amfani da shi kullum ya fi saurin mayar da kuɗin da aka kashe.

Mai karatu zai ce, mu ina ruwanmu da ɗumama gini, bayan sanyinmu bai wuce na 'yan makonni ba? Tambayar tana kan hanya. Sai dai na'urar tana aiki ta fuska biyu. In aka juya zagayen sinadarin, sai ta kwashe zafin ɗaki ta zuba shi cikin ƙasa. Na'urar sanyaya ɗaki da muka saba gani a jikin bango tana tura zafin ne cikin iskar waje, wadda a bazara ita kanta ta kusa digiri 40, shi ya sa take gurnani tana shan wuta, ƙurar hunturu kuma ta toshe mata hanci. Tura zafi cikin ƙasa mai digiri 27 ko 28 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A ganina ɗakin haihuwa, da ɗakin ajiyar magunguna, da ɗakin gwaje-gwaje na asibitin karkara su ne wuraren da suka fi cancanta a fara tunanin wannan, musamman da yake lokacin da aka fi buƙatar sanyi shi ne lokacin da faifan sola ya fi bayar da wuta.

Yanayin Tsanyawa yana da abin da zai faɗa a nan. Akwai hanya mai araha ta shimfiɗa bututun a kwance cikin dogayen ramuka masu zurfin mita ɗaya zuwa biyu, amma tana cin fili, kuma a wannan zurfi ƙasarmu tana ɗaukar zafin bazara. A yankin da gona ke manne da gona, ko'ina gero da dawa da gyaɗa da wake, fili ba abin wasa ba ne. Saura haƙan tsaye. Yawancin wannan sashe na Jihar Kano yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda masu haƙan burtsatse ke kuka da shi. Amma dutsen da ke wahalar da mai neman ruwa alheri ne ga mai neman zubar da zafi, domin irin wannan dutse ya fi busasshen yashi saurin watsa zafi. Injin haƙan da ma'aikatansa kuwa muna da su.

Akwai matsala guda da bai kamata a ɓoye ba. Inda ake da sanyi da zafi daidai wa daida, abin da aka zuba wa ƙasa a wannan lokaci shi ake kwashewa a wancan. Mu kuwa kusan shekara gaba ɗaya zuba mata za mu riƙa yi. In ramukan sun yi kaɗan ko sun matsu da juna, ƙasar da ke kewaye da su za ta riƙa ɗumama shekara bayan shekara, har ribar ta zaizaye. Maganin shi ne a bar tazarar aƙalla mita biyar ko shida tsakanin rami da rami, a karkatar da wani ɓangare na zafin wajen dafa ruwan wanka da wanki na asibiti, sa'an nan a daren hunturu a riƙa zagaya ruwan bututun ta waje domin sanyin iska ya huce ƙasar. Har ila yau kuɗin farko yana da nauyi, kuma na'urar ba ta motsi sai da lantarki da makanikin da ya san ta.

Sa'an nan ba hikima ba ce a gina aji da siririn bulo, a rufa kwano babu silin, a ce inji ya gyara. Kakanninmu da suka gina soro mai kaurin bango sun yi amfani da nawar ƙasar nan da muka ambata tun farko: bango ya sha zafin rana a hankali, bai sako shi ba sai dare. Ginin da ya sami kauri da inuwa da silin, ramuka kaɗan za su ishe shi.

Kafin a zana irin wannan aiki, injiniyoyi kan haƙa rami ɗaya na gwaji, su zagaya ruwan zafi a cikinsa na kwana biyu ko uku, su auna saurin da ƙasa ke shanye zafin. Matakin da ke gaba da wannan kuwa, ɗaliban sakandare ma suna iya ɗaukarsa: ma'aunin zafi guda, da littafin rubutu, da rijiyar makaranta, a auna ruwan guga na farko kowace safiyar Litinin har shekara ta zagayo.