Tattalin Zare da Ƙyalle a Ƙasar Bagudo da Bakin Iyakar Benin

1.0 Gabatarwa

Idan ana zancen sana'ar ɗinki a ƙasar Hausa, abin da yakan fara faɗo wa mutum a rai shi ne aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko zanen hula, ko adon dawaki ranar hawan salla. Ba safai akan waiwayi aikin da yake gabatar waɗannan ba, watau yadda maɗinki yake tara zarensa da ƙyallensa, ya rarrabe su, ya kuma adana su har ranar da buƙatarsu za ta taso. Alhali kuwa wannan aiki shi ne rabin sana'ar, domin zaren da ya ruɓe ba ya ɗinki, yadin da gara ta taɓa kuma ba ya komawa hannun mai shi sai da husuma. Masu iya magana sun ce, don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin wannan tattali, tare da ɗaukar ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi a matsayin misali. Dalilin zaɓen Bagudo kuwa shi ne, abubuwa biyu da suke wahalar da mai ajiyar tufa sun haɗu a can: ga damshin bakin kogi, ga kuma iyakar ƙasa wadda takan buɗe yau ta rufe gobe.

2.0 Bagudo da Hanyoyin Tufafi

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana cikin Masarautar Gwandu, kuma tana cikin Jihar Sakkwato ne har shekarar 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Kogin Kwara ya ratsa ta, ta kuma yi iyaka da Jamhuriyar Benin ta yamma. Daga cikin garuruwanta akwai Illo da Lolo da Ka'oje da Zagga da Tsamiya. Mazaunanta sun haɗa da Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa.

Tun kafin zuwan Turawa wannan yanki yake kan hanyar fatauci. Ayarin fataken Gwanja da suka taso daga Kano ko Sakkwato sukan bi ta Jega, su ƙetare Kwara a wajen Illo ko Gaya, su ratsa ƙasar Borgu har Salaga. Cikin kayan da suke ɗauka akwai kanwa da tufafin saƙa da na rini, su komo da goro. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a shekarar 1898 ita ta raba Borgu gida biyu, Illo ta faɗa hannun Ingila, Nikki kuma hannun Faransa, a ƙasar da aka sani da Dahome har 1975 da aka sauya mata suna zuwa Benin.

Daga baya sai hanyar tufa ta juya. Maimakon tufar Hausa ta gangara kudu, sai yadin ƙasashen waje ya riƙa haurowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ya biyo ta Faraku da Kandi zuwa Malanbil, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Benin, wadda take fuskantar Gaya a ƙetaren kogi. Hanin da Nijeriya ta yi wa shigo da yadi a shekarun 1970 domin kare masaƙunta ya ƙara wa wannan hanya ƙarfi ta ɓarauniyar hanya, durƙushewar masaƙun Kaduna a shekarun 2000 kuma ta sa dogaro da yadin waje ya ƙaru. Saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka yakan taɓa teburin tela. An ga haka a watan Agusta na 2019 da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗe waɗansu ba sai Disamba 2020, ta Kamba kuwa sai 2022. An sake ganin haka a 2023 da aka rufe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar. A irin waɗannan lokuta, wanda yake da ajiya shi yake da aiki.

3.0 Tarawa

3.1 Zare

A gargajiyance, tara zare yana farawa ne daga gona. Bayan an tsinci auduga da kaka, mata sukan gurje ta a kan magurji su fitar da gurya, su yi shiɓa, sa'an nan su zauna kaɗi da mazari, suna taɓa alli a yatsu don kada zaren ya zame. Abin da suke kaɗawa iri biyu ne. Akwai zare, siriri mai murɗi da ƙarfi, wanda masaƙi yake wadari da shi, maɗinki kuma yake ɗinki. Akwai kuma abawa, mai kauri da laushi, wadda ake naɗawa a kwarkwaro a sa cikin ƙoshiya. Da yake kaɗi aikin rani ne, mace takan tara mazarai cikin taskira kaɗan-kaɗan har su isa kai wa masaƙi ko kasuwa.

Maɗinkin riga yana da waɗansu zarurrukan da suka fi waɗannan daraja. Na farko shi ne tsamiya, watau silikin da ake samu daga gidan wata tsutsa ta daji. Akan dafa gidan cikin ruwan toka har danƙonsa ya saki, a wanke, a kaɗa, ya fito da launin ƙasa-ƙasa mai haske. Na biyu shi ne alharini, silikin da fataken Sahara suke kawowa daga Tarabulus, wanda ja-jansa ya fi shahara. Tsadar waɗannan ta sa ba a yar da ko sili ɗaya nasu. A zamanin yanzu zaren kamfani, na hannu da na keke, ya maye gurbin mafi yawansu. Abin lura kuma shi ne, arewacin Benin, musamman Banikwara da Kandi, yana cikin wuraren da suka fi noman auduga a Afirka ta Yamma, amma mafi yawan audugar ƙasashen waje ake kai ta, ta komo wa maɗinkin bakin iyaka a matsayin zare da yadi.

Ka'idar farko a wajen sayen zare ita ce a sayi na riga guda a lokaci guda. Ɗinkin hannu na babbar riga yakan ɗauki watanni, zare kuwa ko da sunan launinsa ɗaya ne, idan ba tukunyar rini ɗaya ya shiga ba sai an ga bambanci. Wanda zarensa ya yanke a tsakiyar aska, ya je ya ciko da wani, to rigar za ta tona masa asiri da zarar an fita da ita rana.

3.2 Yadi da Ƙyallaye

Tufar saƙa ƙwarya-ƙwarya take zuwa, ana auna ta da kamu, watau daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, sa'an nan a haɗa ƙwaryoyin su zama zane ko riga. Daga cikinta akwai fari da saƙi da gwado da luru. Tufar kanti kuwa da yadi ake auna ta, ana sayen atamfa turmi-turmi, alawayyo da akoko kuma bandir-bandir, ga shadda da leshi da karan-miski. Gwanjo shi kuma dila-dila yake shigowa.

Mataki na ƙarshe shi ne ƙyallayen da almakashi ya bari. Tela mai tattali yana da buhu ko kwando a gefen kekensa inda yake zuba su. Da su ake maho da shafin wuya da aljihu, da su ake cusa matashin kai, ana kuma harhaɗa masu launi a yi shimfiɗar jariri ko rigar yaro. Wanda ya zama tsumma ma ba a rasa yin gammo da shi. Wannan hikima ba ta Bahaushe kaɗai ba ce, domin matan Bangal sun daɗe suna ninka tsofaffin zannuwansu su ɗinke su zama mayafin da suke kira kanta.

4.0 Rarrabewa

Tarawa ba tare da rarrabewa ba tarkace ne. Ana iya kasa hanyoyin da maɗinka suke bi gida huɗu.

Ta farko ita ce ta fuskar launi, kuma babbar doka a nan ita ce raba fari da baƙi. Tufar da ta sha shuni, kamar turkuɗi da ƙore, tana zuba ko ba ta jiƙe ba, gogayya kaɗai ta isa ta ɓata farin da yake kusa da ita. Wannan ne ya sa mabuga suke naɗe turkuɗi cikin takarda bayan sun gama bugu.

Ta biyu ita ce ta fuskar asali da kauri. Ba a haɗa zaren auduga da na roba a aiki ɗaya, domin na auduga yana tsukewa idan ya sha wanki, na roba kuma ba ya jure zafin dutsen guga. Haka nan ba a maho wa tsohuwar tufa da sabon ƙyalle mai ƙarfi, don sabon zai ja tsohon ya yage.

Ta uku ita ce ta fuskar girma. Ƙyallen da ya isa hula ko aljihu daban, wanda bai wuce tafin hannu ba daban, ragowar da sai cusa kuma daban.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce ta fuskar mai shi. Yawancin yadin da yake shagon tela ba nasa ba ne, amana ce. Saboda haka akan rubuta sunan mai kaya da alli a bakin yadin, ko a yanki ɗan ƙyalle a liƙa a littafin awo kusa da sunansa. A al'ada ƙananan ƙyallaye na tela ne, amma ragowar da ta kai a mora ana mayar wa mai ita. Gabanin salla, lokacin da kaya suke cika shago, a nan ake gane telan da ya iya wannan tsari, domin musanyar yadi guda ta isa ta zubar da mutuncin da aka daɗe ana ginawa.

5.0 Adanawa

Abokan gaban tufa biyar ne: damshi, da gara, da asu, da ɓera, da rana. Auduga tana shan laima daga iska, idan kuwa ta daɗe a haka sai ta yi fumfuna, zaren ya riƙa tsinkewa da an ja shi. Wannan ya fi tsanani a garuruwan bakin Kwara da damina, ga kuma ambaliya irin wadda ta yi ɓarna a Jihar Kebbi a 2012 da 2020. Gara ta ƙasa da bango take biyowa. Asu ya fi son siliki da ulu da tufar da aka ajiye da datti. Rana kuma tana kashe launi, ƙurar hunturu tana dusashe fari.

Maganin da aka gada yana da sauƙi. Ana ajiye tufa cikin adaka ko akwati ko kwalla mai murfi, a ɗora a kan duwatsu ko benci, a janye daga jikin bango. Idan adakar ta ƙarfe ce akan shimfiɗa tsohon zane a ciki don kada tsatsa ta kama kayan. Zare kuma akan rataye shi cikin jaka ko kwando. Ana zuba kafur ko busasshen ganyen dogon-yaro domin korar ƙwari, mata kuma sukan ƙara da kajiji da turaren wuta saboda ƙamshi. Idan damina ta wuce sai a fito da kaya a shanya su sha iska, a kaɗe, a sauya musu ninki, domin tufar da ta daɗe a ninki ɗaya a nan take karyewa. Wani kuskure da zamani ya kawo shi ne ƙulle yadi cikin leda. Leda tana tsare ƙura, amma idan laima ta shiga ba ta fita.

Ga mata wannan ajiya dukiya ce. Zannuwan lefe da uwa take tarawa tana ɓoyewa, da su ake fita kunyar biki da suna, su ake sayarwa idan rana ta ɓaci, su ne kuma ake rabawa a gado.

6.0 Lifidi

Babu inda waɗannan matakai uku suka haɗu kamar a ɗinkin lifidi, watau rigar kariya ta doki da mahayinsa. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Yadda ake yin sa shi ne a shimfiɗa tufa biyu, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakaninsu, a bi da ɗinki layi-layi don kada cusar ta taru wuri guda. Sau da yawa akan ƙawata bayansa da ƙyallaye masu launi daban-daban da aka yanka aka harhaɗa. Kaurinsa yana tare kibiya, amma yana tsoron wuta, yana kuma yin nauyi idan ya jiƙe.

Mai ɗinkin lifidi yana buƙatar zare mai ƙarfi, da busasshiyar cusa wadda aka tsince 'ya'yanta don kada ɓera ya bi su, da tarin ƙyallayen da aka riga aka ware bisa launi. Yanzu da yaƙin dawaki ya wuce, 'yan lifida a hawan salla na manyan masarautu ake ganinsu. Ke nan lifidi yakan shafe mafi yawan shekara a ajiye, tsawon ransa kuma ya rataya ne ga mai kula da ɗakin da yake ciki.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa tattalin zare da ƙyalle ilimi ne mai ka'idoji, wanda ya ƙunshi sanin kaya, da sanin yanayi, da riƙon amana. A wuri irin Bagudo, inda samuwar yadi ta dogara ga hanyar da hukuma take iya rufewa a kowane lokaci, ajiyar maɗinki ita ce jarinsa. Sai dai akwai abin damuwa. Yayin da kaɗi da saƙa suke ja da baya, kalmomi irin su abawa da wadari da shiɓa da kamu suna fita daga bakin yara, sanin da yake cikinsu kuma yana bin su. Ya kamata ɗaliban Hausa, musamman 'yan wannan yanki, su zauna da tsofaffin makaɗa da masaƙa da maɗinka na Illo da Ka'oje da Zagga, su rubuta sunayen kayan aikinsu da Hausa da Dandanci da Busanci tun masu sanin suna raye. Bahaushe dai ya riga ya faɗa, kayan aro ba ya rufe katara.