Inci huɗun da ke yaudarar masunta a ƙarshen hunturu

A cikin 'yan kwanaki kaɗan na Fabrairun 2023, mutum uku suka rasa rayukansu a tafkin Champlain, ta ɓangaren jihar Vermont ta Amurka, bayan ƙanƙara ta rufta da su. Biyu daga ciki wa da ƙane ne, dukansu sun haura shekara 70, suna tafe cikin ƙaramar motar shiga daji. Ala tilas aka soke gasar kamun kifi ta shekara-shekara da za a yi a ƙarshen makon. A Fabrairu fa, watan da mutanen yankin suka taso suna ganin ƙanƙara ta gama ƙosawa. Da zarar irin wannan ta faru, abin da kowa ke fara tambaya shi ne inci nawa ne kaurinta. A ganina, dogaro da wannan tambaya ita kaɗai yana cikin abubuwan da ke jefa mutane a ruwa.

Jadawalin da masunta suka haddace ba shi da wuya. Hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Minnesota ta ce ƙasa da inci 4 kada a taka, inci 4 zai ɗauki mutum a ƙafa, 5 zuwa 7 babur ɗin kan dusar ƙanƙara, a-kori-kura matsakaiciya kuwa sai daga inci 13 zuwa sama. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada ta fi tsaurarawa: santimita 15 ga mutum ɗaya, 20 ga gungun jama'a. Sai dai akwai sharaɗin da lambobin suka zo da shi, wanda bai shiga bakin mutane kamar yadda su lambobin suka shiga ba. Lissafin na sabuwar ƙanƙara ne, garau, wadda ake hango ruwa ta cikinta. Farar ƙanƙara ƙarfinta kusan rabin na waccan ne, shi ya sa hukumar ta Minnesota ta ce a ninka kaurin idan a kanta za a hau.

To, wace iri ce ta fi yawa a kan tafki idan hunturu ya tsufa? Farar. Dusar ƙanƙara ta sauka ta danne doron tafkin, ruwa ya kutso ta tsagogi ya jiƙa ta, ta zama caɓi, sanyin dare ya sake daskarar da ita cike da kumfar iska. Ko kuma a yi kwana biyu na ɗumi da yayyafi, saman ya narke, ya sake kamawa. Kowane zagaye yana ƙara kauri, amma ƙarfin da yake ƙarawa bai taka kara ya karya ba. Ita kuma dusar da ke sama tana tare sanyi, ta hana garau ɗin ta ƙasa girma. Masunci ya huda rami, ya zura ma'auni, ya ga inci 10, hankalinsa ya kwanta, alhali wataƙila garau ɗin da ke ɗauke da shi ba ta wuce uku ba.

Gesa Weyhenmeyer ta Jami'ar Uppsala da abokan aikinta sun auna wannan a hunturun 2020 zuwa 2021, a tafkuna 31 cikin ƙasashe 10, suka wallafa sakamakon a 2022. Sun ga rabon farar ƙanƙara yana ƙaruwa yayin da lokacin ke tafiya, har a wasu tafkunan ta zama ita ce duka kaurin kafin narkewa. A Fabrairun wannan hunturun, mutum 10 suka mutu a Suwidin ta hanyar ruftawa cikin ƙanƙara.

Idan Maris ya kama sai rana ta shigo da nata aikin. Haskenta yana ratsa ƙanƙarar, ya narkar da ita ta mahaɗar ƙwayoyinta, har ta rarrabe zuwa dogayen tsinkaye a tsaye, kowane a jingine da ɗan uwansa ba tare da abin da ya riƙe su ba. Kamar azarar da gara ta cinye: daga waje tana nan yadda aka san ta, sai an ɗora mata nauyi. Irin wannan ko ta kai inci 12 tana iya kasa ɗaukar mutum ɗaya. A lokaci guda ruwan da ke ƙasa ya fara ɗumi yana cin ta daga ciki, rafukan da ke zubo ruwan narkakkiyar dusa suna ɓurma bakin shigarsu, gaɓa kuma ita ke fara saki domin duwatsu da ƙasa sun fi riƙe zafi. Wanda ya taka lafiya da asuba yana iya dawowa da la'asar ya tarar hanyar fita ta zama ruwa.

Duk wannan tsohon hali ne na ƙanƙara. Abin da ya sauya shi ne lokacin da yake zuwa da kuma yawansa. Nazarin da Sapna Sharma ta Jami'ar York da ke Toronto ta jagoranta a 2020 ya bi diddigin mutum fiye da 4,000 da suka nutse a lokacin hunturu a ƙasashe 10, ya gano cewa mutuwar ta fi yawa a shekarun da hunturu ya yi ɗumi, musamman idan ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 5 ƙasa da sifiri da sifirin kansa. Wato daidai yanayin narke-daskare da ke haifar da farar ƙanƙara. Ranar 11 ga Fabrairun 2024, ƙanƙarar da ta rufe Manyan Tafkunan Arewacin Amurka ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba, mafi ƙaranci a irin wannan lokaci tun da aka fara ajiye lissafi a 1973. Halin Maris ya fara zuwa a Fabrairu, amma al'ada tana nan kan tsohuwar kalanda: uba ya hau a wannan mako, kaka ya hau, don me ni ba zan hau ba?

Akwai masu cewa laifin na ganganci ne kawai: giya, gudu da babur cikin dare, da jibga-jibgan ɗakunan sunta masu taya da ake ja da manyan motoci. Da gaskiyarsu, kuma hukumomi ma za su ce ai kullum muna faɗa cewa babu ƙanƙarar da ke da tabbas ɗari bisa ɗari. Amma ganganci bai fi yawa a shekarar ɗumi ba, mutuwar ce ta fi yawa. Gargaɗin da ake maimaitawa iri ɗaya a Janairu da Maris kuwa, kunne ya daɗe da sabawa da shi. Lamba ita mutum ke riƙewa, domin ita ce ke ba shi izinin abin da dama yake son yi.

Abin da ke biyo bayan ruftawa gajere ne. Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya taƙaita shi da 1-10-1: minti ɗaya na shawo kan numfashi, kusan minti 10 kafin hannuwa su daina aiki, kusan awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Mutum ba ya kaiwa ga awar idan babu rigar da ke hana nutsewa a jikinsa. Ruɓaɓɓiyar ƙanƙarar ƙarshen hunturu kuma tana cinye waɗannan mintuna 10, domin duk gefen da ya dafa zai fita sai ya ɓalle a hannunsa, haka zai yi wa wanda ya zo ceto.

Inda hukuma ke aunawa da kanta, hukuncin yakan bambanta. A Ottawa ba a buɗe filin zamiya na mashigin Rideau sai an samu kusan santimita 30 na ƙanƙara mai kyau, kuma a hunturun 2022 zuwa 2023 ba a buɗe shi ko kwana ɗaya ba, karo na farko tun 1971. Minnesota mai tafkuna sama da 10,000 ba za ta iya haka ba. Abin da take da shi shi ne wa'adin kwashe ɗakunan sunta, farkon Maris a kudancin jihar, tsakiyarsa a arewa. Wa'adi ne na kalanda, kuma duk wanda ya jira ranar ƙarshe zai shiga da mota ya jawo ɗakinsa ne a lokacin da wataƙila ƙanƙarar ta riga ta fara ruɓewa.