Daga Dutsi zuwa Anka: Abubuwa Tara na Mamaki a Tarihin Addini

Ga Musulmi, asalin addini a fili yake: tauhidi ne farko tun daga Annabi Adamu (AS), shirka daga baya ta kutso. Su kuma masana tarihi da al'adu sun daɗe suna bin sawun yadda bauta ke farawa da yadda take sauyawa a cikin jama'a, har binciken ya kawo wasunsu yammacin Zamfara. Ga kaɗan daga abin da aka tono.

1. Bajamushe a Anka. A shekarun 1950 wani masanin al'adu daga Balin, Kurt Krieger, ya zauna a Anka yana sauraron dattawa da mutanen fadar Sarkin Zamfara. A 1959 ya fitar da littafin tarihin Zamfara, a 1967 kuma ya buga maƙala kan tsohon addinin Hausawa. Duka biyun da Jamusanci ya rubuta su, harshen da jikokin masu ba shi labarin ba sa ji.

2. Hukunci daga kan kujera. A 1871 Edward Tylor na Ingila ya ce mafarki ne ya haifi addini: mutum ya ga mamaci cikin barci, sai ya ɗauka akwai kurwa, daga nan ya ba duwatsu da itatuwa tasu kurwar. James Frazer ya biyo baya a 1890 da littafin da ya shahara, inda daga bisani ya jera matakai uku: tsafi, addini, kimiyya. Abin dariyar, Frazer bai taɓa zama cikin mutanen da yake yi wa hukunci ba. Da wasiƙun 'yan mishan da jami'an mulkin mallaka ya yi aiki.

3. Limamin coci ya juya lissafin. Wilhelm Schmidt, limamin Katolika, ya cika mujalladi 12, da aka buga tsakanin 1912 da 1955, yana kafa hujja cewa imani da Ubangiji ɗaya shi ne farko, gumaka daga baya suka zo. Da Ba'amurke Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939, ya tarar ba sa musun Allah ne Mahalicci. Sai dai in za a yi yanka, iskoki ake yi wa, ko wanne da irin kazarsa ko akuyarsa.

4. Malaman Musulunci sun riga su fage. Tun wajajen 1030 Albiruni ya koyi harshen Sanskirit don ya fahimci addinin Indiyawa daga littattafansu. Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya tsara addinai da ƙungiyoyi a littafi guda. Ruwayar Bukhari daga Ibnu Abbas ta nuna gumakan mutanen Annabi Nuhu (AS) asalinsu salihan bayi ne da aka kafa musu alamomi don tunawa, har jikoki suka mance dalili suka koma bauta musu. A 1876 Herbert Spencer ya zo da ra'ayin cewa girmama matattu ne tushen bauta, aka yi ta yayata shi kamar sabon abu.

5. Magiro bai san iyaka ba. Gummi da Bukkuyum sun yi iyaka da ƙasar Zuru, inda Dakarkari ke da tsohuwar bautar kakanni mai suna M'gilo. A can gindin dutsen Kwatarkwashi kuwa, Maguzawa Magiro suke kiransa. Harka ce ta maza zalla. Mata da yara muryarsa kawai suke ji, su shige ɗaka, kuma da tsoronsa ake tsawatar wa mai laifi. Harshe daban, dodo ɗaya, abin da ke nuna cewa bauta ma tana bin hanyar fatake da auratayya.

6. Shehu ya yi karatu a hannun Bazamfare. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara kafin jihadi, ƙanensa Abdullahi kuma ya bayyana ƙasar a lokacin da cewa jahilci ya yi mata yawa. Amma cikin malaman da suka karantar da Shehun tafsiri akwai Hashimu Bazamfare. Ke nan malami mai zurfi da mai tsafi suna cin kasuwa ɗaya. A 1973 Humphrey Fisher ya kasa irin wannan tafiya gida uku: Musulunci a hannun baƙi kaɗan, sai gauraya da al'ada, sai gyara.

7. Alƙur'ani cikin fatu. Babu misalin gauraya kamar Dirki na Kano. Alƙur'ani ne aka naɗe da fatun dabbobi, aka riƙa yi masa yankan shanu don neman nasara. Tarihin Kano ya ce Sarki Alwali, wanda ya hau a 1781, shi ya sa aka farfasa shi da gatari, kuma a kansa sarautar Haɓe ta ƙare a Kano.

8. Iskoki ma suna bin zamani. A bori akwai iska mai suna Malam Alhaji. In ya hau dokinsa, sai ka ga mutum ya duƙa kamar tsoho, yana tari, yana jan carbi. Musulunci ne ya zo, bori ya yi masa gurbi. Wajajen 1925 kuma, a ƙasar Filinge ta Nijar, aka ga sababbin iskoki, Babule, masu fareti da sara wa juna kamar sojan Faransa. Hukumar mulkin mallaka ta tsorata har ta kama masu yi.

9. Malfar Inna a kan jaji. Jerin sarakunan Zamfara na farko, tun zamanin da fadarsu take a Dutsi, yana da mace, 'Yargoje, wadda tarihin baka ya ba ta shekara 40 a kan mulki. A Gobir kuwa Inna, 'yar gidan sarauta, ita ce uwar 'yan bori, tana sa malfa. Da Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru don karantar da matan karkara, sai ta ɗora wa jajinta, wato jagorar matan, malfa da jan rawani. Alamar da mata suka saba girmamawa ta zauna, abin da ake kai musu ya zama karatu.

Sanin wannan tarihi ba komawa tsafi ba ne, da shi ake gane irin aikin da malamai suka yi kafin Musulunci ya zauna da gindinsa. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Tarayya ta Gusau da ta Usmanu Ɗanfodiyo, ku ɗauki rikoda ku nufi dattawan Anka da Gummi da Bukkuyum tun suna raye, ku kuma rubuta abin da kuka ji da Hausa.